Daren da Muka Kalli Matattu a Ƙarƙashin Titi na 53

Gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wanda kowa ke kira MoMA, yana kan Titi na 53 a tsakiyar Manhattan. An kafa shi a 1929, kuma kullum cike yake da masu yawon buɗe ido da ke hawa benaye don su ga zanen Van Gogh da na Picasso. Abin da yawancinsu ba su lura da shi ba shi ne akwai silima a ƙarƙashin ginin, kuma tun 1935 gidan ke tara fina-finai yana adana su kamar yadda ake adana tsofaffin takardun ajami a gidan tarihi. Can ƙasan muka nufa mu huɗu a farkon watan Nuwamba na 2016, kwanaki kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, don mu kalli fim ɗin tsoro wanda ya girmi wasu daga cikin iyayenmu, mu kuma ga mutumin da ya shirya shi ido da ido.

Sunan fim ɗin Night of the Living Dead, wato daren da matattu suka tashi. An fara nuna shi a ranar 1 ga Oktoba, 1968, a garin Pittsburgh. Daraktansa George Romero. Yana cikin irin fina-finan nan da ke da mabiya na musamman, waɗanda ba sa gajiya da kallonsu, sun haddace maganganun ciki, suna ɗinka riguna da hoton jaruman. Kalmar da Turawa ke kiran irin waɗannan fina-finai da ita ita ce dai wadda a jami'o'inmu na gida ake kiran ƙungiyoyin asiri da ita, don haka kada wani ya je ya ce mun shiga wani abu a ƙasar waje. Mabiya ne kawai, irin na ƙwallo, sai dai su gawa suke yi wa tafi.

Daga Bronx muka tashi, unguwar da muke zaune, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. Cikinmu akwai Bakano da Bazazzagi da ɗan Damagaram, sai wata 'yar Zangon Kumasi wadda take karanta harkar fim, ita ce ma ta samo mana tikiti. Kafin mu kama hanya mun tsaya cin wake da shinkafa a wurin wata Hajiya da ke sayar da abinci, ita ma mutuniyar Kumasi ce. Da ta ji inda za mu sai ta ajiye ludayi ta dube mu.

"Ku 'ya'yan nan, iyayenku sun turo ku karatu, ku kuma kallon gawa za ku da dare?"

"Hajiya, ai shi ma karatu ne," in ji 'yar garinsu.

"To Allah Ya ba da sa'a. In kun dawo kada wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana cewa ya kasa barci."

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D muka shiga, dala 2.75 kowane mutum, muka sauka a tashar da ke kan Titi na 53 ɗin, muka ƙarasa da ƙafa cikin sanyi. Daga ƙofar MoMA zuwa dogon benen Donald Trump tafiyar 'yan mintuna ce, kuma a makon nan duk inda ka juya a garin zancen zaɓe ake yi.

Layin shiga ya ba mu mamaki. Mun zaci matasa za mu tarar, sai ga dattawa masu furfura, maza da mata, wasu da 'ya'yansu manya, wasu riƙe da tsofaffin fastoci a naɗe cikin leda kamar takardar gado. Baƙaƙen fata ba mu da yawa. Aka gangara da mu ƙasa, muka shiga wani zaure mai kujeru wajen 400, babu gyaɗa babu gugguru, don nan ba a cin komai a ciki. Wani abin kuma, layin jirgin ƙasa na bi ta kusa da ginin, don haka lokaci-lokaci sai ka ji ƙasa na ruri a ƙarƙashin ƙafarka. A wani fim ɗin wannan damuwa ce. A fim ɗin da matattu ke yawo kuwa, ƙari ne aka yi mana kyauta.

Dalilin taron shi ne an gyara fim ɗin. MoMA da wata gidauniyar adana fina-finai mai suna The Film Foundation sun karɓi ainihin faifan da aka ɗauka da kyamara tun 1967, suka wanke shi da na'ura hoto bayan hoto, suka gyara sauti, kuma a wannan bikin ne aka fara nuna sabon kwafin. Mu da muka taɓa leƙa shi a waya, dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazo, sai muka ga kamar wani fim ne daban. Baƙi da fari ne, babu kala, amma har zufar goshin mutum kana gani.

Labarin ba shi da wuya. Wata budurwa mai suna Barbra da ɗan'uwanta Johnny sun je maƙabarta ziyarar kabarin mahaifinsu. Johnny yana tsokanarta, yana ba ta tsoro da muryar dodo, sai ga wani mutum yana tafe yana tangaɗi, ya auka musu. Da aka zo wurin tsokanar nan sai muka ji zauren ya ɗauka tare da shi, kamar 'yan makarantar allo suna biya karatu. Barbra ta tsere ta faɗa wani gidan gona, can wani baƙar fata mai suna Ben ya same ta, ya shiga rufe ƙofofi da tagogi da katako da ƙusa. Ashe akwai wasu mutum biyar a ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: wani magidanci Harry da matarsa da 'yarsu da aka ciza, da wani saurayi da budurwarsa. Mutum bakwai ke nan a gida ɗaya, matattu sun kewaye su, kuma maimakon su haɗa kai sai gardama ta kaure. Harry ya ce a koma ƙasa a kulle ƙofa, Ben ya ce a tsaya a sama inda ake da hanyar gudu. Wannan gardamar ta fi matattun cin lokaci a fim ɗin, kuma ita ta fi su ɓarna.

Gaskiya matattun ba su ba mu tsoro sosai ba. Mu da muka tashi da labarin aljanu da mayu da fatalwa, abin da ke tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa ba zai hana mu barci ba. Bazazzagin cikinmu ma raɗa ya yi cewa ko akuyar gidansu ta fi su sauri. Inda jikinmu ya fara sanyi shi ne lokacin da aka nuna talabijin a cikin fim ɗin, wani likita yana sanar da jama'a cewa duk wanda ya mutu a fitar da shi nan take a ƙone, babu zaman makoki, babu jana'iza. Turawan da ke kusa da mu ba su ko motsa ba. Mu kuwa da muka san wanka da likkafani da sallah da rakiya zuwa kushewa, muka san haƙƙi ne da mamaci ke bin rayayyu, sai muka dubi juna. Sannan ga yarinyar nan da aka ciza, wadda ta tashi ta kashe uwarta da cokalin magina a ɗakin ƙasa. A nan ɗan Damagaram ya rufe fuska da hularsa, ya ce a taɓa shi in an wuce wurin.

A 1968 yara ƙanana sun kalli wannan. Tsarin raba fina-finai bisa shekarun mai kallo bai fara aiki a Amurka ba sai watan Nuwamba na shekarar, wata ɗaya bayan fitowar fim ɗin, don haka aka riƙa nuna shi da rana ga 'yan firamare da suka zo da kuɗin alewa. Wani ɗan jarida a Chicago, Roger Ebert, ya rubuta yadda ya ga yara sun yi tsit suna hawaye a silima.

Amma ƙarshen fim ɗin shi ne abin da ya sa muke wannan rubutu. Kowa ya mutu sai Ben. Abin haushi, a ɗakin ƙasan nan da ya ƙi tun farko ya ɓuya ya tsira. Gari ya waye, ya ji harbi da haushin karnuka, ya san taimako ya zo. Ya hau sama a hankali ya leƙa ta taga. A waje 'yan sa-kai ne, fararen fata zalla, da bindigogi da karnuka, suna bi suna harbe matattu. Ɗaya ya hango motsi a taga, bai tambaya ba, bai yi kira ba, ya saita goshi ya harba. Daga nan sai fim ɗin ya koma hotuna marasa motsi, irin na jarida, ana jan gawar Ben da ƙugiyar mahauta, aka ɗora ta kan tarin itace aka cinna wuta. Babu waƙar ban tausayi, babu wanda ya gane kuskure aka yi.

Da aka kunna fitila zauren ya ɗauki tafi. Mu mun ɗan jima kafin mu bi sahu. A unguwar da muka fito, a Bronx, a watan Fabrairu na 1999, 'yan sanda huɗu suka yi wa wani matashi ɗan Gini mai suna Amadou Diallo harbi 41 a ƙofar gidansu, 19 suka same shi, alhali ba ya ɗauke da makami, jakar kuɗinsa ya ciro. Kotu ta wanke su a shekarar da ta biyo baya. Duk ɗan Afirka da ya sauka a Bronx sai an ba shi wannan labarin kafin ya koyi hanyar tasha. A watan Yuli na 2016 ɗin kuma an kashe Alton Sterling a Louisiana da Philando Castile a Minnesota, kwana ɗaya tsakani, duk mun gani a waya. To ka ce mana fim ɗin 1968 tsohon labari ne.

Sai ga Romero. Dogo ne ƙwarai, shekara 76, da farin gemu da gashi ɗaure a ƙeya, da wani ƙaton tabarau mai baƙin baki wanda ya kusa rufe rabin fuskarsa. Ba ka ce shi ya ƙirƙiro abin da muka gama gani ba, ya fi kama da kakan da zai ba ka alewa. Abin da ya ƙara mana sha'awa, ɗan unguwarmu ne. A Bronx aka haife shi a 1940. Yana yaro yakan shiga jirgin ƙasa zuwa Manhattan ya yi hayar faifan wani fim ɗin Ingila na 1951 mai suna The Tales of Hoffmann ya kalla a gida, kuma in ya tarar an riga shi, to wani yaro ne guda ɗaya ya ɗauka. Yaron nan shi ne Martin Scorsese, wanda ya zama babban darakta, kuma shi ya kafa The Film Foundation a 1990, gidauniyar da ta sa hannu a gyaran fim ɗin Romero. Duniya kenan, zaman 'yan marina.

Tambayoyin da aka riƙa yi wa Romero a irin wannan zama tsofaffi ne, shekara kusan hamsin ana maimaita su, mabiyan kuma sun haddace amsoshin. Wani dattijo da ke gefenmu, wanda ya ce mana a silimar tsakar dare ya fara kallon fim ɗin yana saurayi, kafin a amsa tambaya ya riga ya raɗa mana amsar. Daga bakinsa da kuma daga kan dandamali muka haɗa yadda aka yi.

Romero da abokansa tallace-tallacen talabijin suke yi a Pittsburgh. Su goma suka haɗa dala 600 kowanne, suka kafa kamfani mai suna Image Ten, daga baya wasu suka ƙara, kuɗin da aka kashe gaba ɗaya ya kai dala 114,000, abin da a Hollywood ba a bakin komai yake ba. A wani ƙaramin gari, Evans City, arewa da Pittsburgh, suka ɗauki mafi yawansa, a wani gidan gona da ake shirin rushewa. Masu zuba jari da maƙwabta da abokai su suka fito a matsayin matattu. Jinin da muka gani ruwan cakulan ne, tunda a baƙi da fari ba a bambancewa. Kayan cikin da ake ci kuma daga wurin wani mahauci aka samo. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa fim a Kano da kyamara ɗaya da gidan aro da 'yan'uwa a matsayin taron biki, zai gane mutanen nan. Kalmar zombi ma, wadda yanzu duniya ta san irin waɗannan matattu da ita, ba a faɗe ta ko sau ɗaya a fim ɗin ba. Asalinta daga camfe-camfen Haiti ne, 'yan kallo da 'yan jarida suka liƙa masa.

Babbar tambayar ita ce ta Ben: me ya sa aka ba baƙar fata jagorancin fim a 1968, har ya daki Bature ya kuma harbe shi a gaban kyamara? Amsar Romero ba ta taɓa canjawa ba. Ya ce ba da wata manufa suka yi ba, Duane Jones ne kawai ya fi kowa iyawa cikin waɗanda suka gwada. An rubuta Ben ne a matsayin direban babbar mota mai kaushin baki, ba a ambaci launin fatarsa ba, kuma ƙarshen yana nan tun kafin a zaɓi jarumi. Jones mutum ne mai ilimi, malamin Turanci, ya yi karatu a Faransa, shi ya gyara maganganun suka dace da shi. Ɗan Damagaram ya kusa tashi tsaye da 'yar Kumasi ta gaya masa cewa Jones ya taɓa zama a Nijar ƙarƙashin wani shirin musayar masana. Ya rasu a 1988. Romero ya riƙa ƙarawa da cewa da suka gama aiki, suka sa faifan a bayan mota suka nufi New York neman mai saye, a hanya suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King, wanda aka harbe a Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968. A nan suka gane fim ɗin da ke bayan motarsu ya zama wani abu da ba su shirya ba.

Mun yarda da shi, ba mu ga alamar ƙarya a tare da dattijon ba. Sai dai a ganinmu amsar ba ta kashe maganar ba. Wanda ya harba kibiya shi ya san inda ya nufa, amma wanda ta soka shi ya san inda ta sauka. Mutanen da suka ɗauki hoton fararen fata da karnuka da bindigogi a 1967 suna ganin irin hotunan nan a labaran talabijin kowane dare, daga Alabama da kuma Biyetnam. Ko ba su yi niyya ba, idonsu ya riga ya sha. 'Yar Kumasi ta ɗaga hannu tana so ta tambaye shi ko shi Jones ɗin, wanda zai koma gida da fatarsa bayan an kashe kyamara, yana ganin abin a matsayin katari. Makirfo bai iso layinmu ba aka rufe taro.

Ba ma'anar fim ɗin kaɗai ce ta kuɓuce wa Romero ba, har da kuɗinsa. Sunan da suka fara sa masa daban ne. Kamfanin da ya karɓi rarrabawa ya canja suna, kuma wajen sauya allon sunan sai aka bar alamar haƙƙin mallaka, ba a mayar da ita ba. A dokar Amurka ta lokacin, aikin da aka fitar babu wannan alamar ya zama na kowa. Shi ke nan. Fim ɗin ya tara miliyoyin daloli a duniya, amma kowa na iya buga kwafinsa ya sayar ba tare da ya ba masu shi ko sisi ba. Gidajen talabijin suka riƙa nuna shi kyauta da tsakar dare, kamfanoni barkatai suka buga shi a kaset, wasu suka shafa masa kala. Bakanon cikinmu ya ce wannan ai ko a Ƙofar Wambai ba a yi wa furodusa haka ba, don can aƙalla sai an ɓoye ake yi.

Ga kuma inda abin ya ɗaure mana kai. Wannan asarar ita ta yaɗa fim ɗin. Da yana da tsada, da gidajen talabijin ba su cika dare da shi ba, da yara irin dattijon gefenmu ba su tashi da shi ba, da wataƙila ba a sami zuriyar fina-finai da wasannin kwamfuta na matattu da suka cika duniya yau ba. A 1999 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin fina-finan da ƙasa za ta adana. Ba muna cewa satar fasaha alheri ba ce, waɗanda suka zuba dala 600 ɗinsu sun tsufa suna kallon wasu na ci da guminsu. Abin da ya cece su a ƙarshe shi ne sun riƙe ainihin faifan nan shekara 48, ba su bari ya ruɓe ko ya ɓata ba, shi ya sa da aka tashi gyara aka sami abin gyarawa. Wannan ya sa muka tambayi junanmu a ina ainihin kaset ɗin Turmin Danya yake, fim ɗin 1990 da ake ƙirga farkon finafinan Hausa na bidiyo daga kansa, da sauran waɗanda iyayenmu suka kalla, kuma wa ke kula da zafi da ƙurar da ke cin su.

A jirgin komawa gardama ta ɓarke tsakaninmu a kan wa ke da gaskiya, Ben ko Harry. Bazazzagi ya ce Harry, tunda ɗakin ƙasan ne ya yi rana. Bakano ya ce mutumin da ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa matattu na binsa ba ya da wata gaskiya ko da lissafinsa ya fita. Har muka wuce filin wasan Yankee ba a rabu ba, wata tsohuwa da ke gefe tana ta kallonmu, mu huɗu muna sa-in-sa da Hausa a kan Turawan da ba su taɓa wanzuwa ba.

Ga mai son gani, tsohon kwafin yana nan a intanet kyauta, kuma ba laifi ka yi ba in ka kalla, saboda dalilin da muka faɗa. Minti 96 ne. A kori ƙanne daga ɗaki tukuna, kuma kada a kashe da an ga gari ya waye a fim ɗin, a jira har hotunan ƙarshe su wuce.